Yayana ya ce foraj, ni hankalina yana kan pampo

Malam, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ƙoƙari, kai da abokan aikinka na gidan rediyo. Ni malamin firamare ne a nan Yamai, asalina Ba'adare daga wani ƙauye kusa da Tawa. Matsalata ta ruwa ce, amma ta fara taɓa zumunci, shi ya sa na ce bari in kawo ta gabanka tun ba ta yi nisa ba.

Bara na tare a gidan da na gina a sabbin filayen da ke bayan Koira Tegi. Mu tara ne a gidan, har da tsohuwata da jaririyar da ba a yaye ba. Babban tiyon ruwa ya tsaya can bakin hanya, layi uku tsakaninmu da shi, don haka 'yan ga-ruwa ne ke riƙe da mu. Da sanyi abin da sauƙi. In Afrilu ya kama kuwa, bidon mai lita 25 sai ya ninka kuɗi har ya sake ninkawa, kuma da kuɗinka a hannu sai ka yi lallashi kafin mai kura ya juyo layinku. Akwai watan da abin da muka ba ga-ruwa ya fi kuɗin wuta.

Yayana, wanda ya daɗe yana bida a Abijan, ya ji halin da muke ciki daga bakin tsohuwa. Allah ya saka masa da alheri, ya aiko da kuɗi masu kauri, amma da sharaɗi. Ya ce a haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a cikin gidana, a ɗora shato, wato tankin ruwa na sama, a sa pano mai aiki da rana, sannan a huda katanga a fitar da kan pampo ɗaya waje, kowa ya ɗiba kyauta, ladan ya isa kabarin mahaifinmu. Na san inda maganar ta fito. Mun tashi a inda rijiya ke cinye igiya, sai an ɗaura wa jaki ya ja guga, kuma a Adar akwai garuruwan da sai injin ya nutsa ɗaruruwan mita kafin a ga ruwa. Mahaifinmu a bakin rijiya ya ƙare ƙarfinsa. Wanda ya ga haka da idonsa, in aka ce masa a Yamai mutum na iya mallakar ruwansa a tsakar gida, ba ya jin wata magana kuma.

Ana cikin haka sai maƙwabta suka fara karo-karo don a jawo tiyon gari zuwa layinmu. Sun je ofishin ruwa, an zo an auna, an faɗa musu abin da za a kashe. Kuɗin Yaya za su biya kasona, su biya jona gida da kontar, wato na'urar ƙidayar ruwa, in sayi tanki in ɗora bisa ƙarfe, har a yi saura. Abin da ba za su iya ba shi ne ɗaukar aikin biyu gaba ɗaya.

Ban ce pampo ba shi da aibi ba. Abokan aikina da ke zaune a unguwannin tudu da na ƙarshen layi sun gaya mini yadda suke kwana da zafi: a bar kan pampo a buɗe, a kwanta da kunne ɗaya, ƙarfe biyu ko uku na dare in ya fara tari a tashi mata da yara a jera bokitai. Ban ɗora wa kowa laifi ba, gari ne ya fi tiyo sauri. Ga kogin da ake ɗibar ruwan yana ja baya sosai wajen Mayu da Yuni, ga injinan turawa da ba sa aiki sai da wuta, kuma duk mun ga yadda aka sha a 2023 da Najeriya ta yanke layin lantarki. Sai dai ruwan da ke fitowa daga matatun ruwa na Gudel da Yantala an tace shi, an sa masa magani, akwai masu auna shi. Tun farkon 2024 kamfanin ƙasa NDE ne ke raba shi, bayan SEEN da ta riƙe aikin tun 2001, ke nan akwai ƙofar da mutum zai ƙwanƙwasa in ya ga abin da bai gane ba. Foraj na gida kuwa, kai ne kamfanin, kai ne mai aunawa, kai ne kuma wanda za a zo wa da ƙara.

Masu haƙa biyu na kira. Dukansu sun faɗi gaskiya ɗaya: ƙarƙashin Yamai dutse ne, ruwan kirki yana cikin tsagogin dutsen, maƙwabcinka na iya dacewa kai ka sha ƙura. Kuma ko an samu ko ba a samu ba, kuɗin mitocin da aka haƙa sun tafi. Wannan ma da sauƙi, don asarar kuɗi ce. Abin da ke hana ni barci shi ne shadda. Filina mita 15 ne a kan 20. Unguwarmu ba ta da magudanar ƙazanta, kowane gida da raminsa, kuma abin da ma'aikatan lafiya suka saba faɗa shi ne a bar wajen mita 30 tsakanin rijiya da masai. Na ɗauki igiyar awo na zagaya gidan da yamma. Kusurwar da mai haƙa ya nuna, inda motarsa za ta iya shiga, taki goma sha ne tsakaninta da shaddar gidan baya, tawa kuma tana ɗaya gefen. Ya ce kada in damu, zai zuba siminti ya toshe ruwan sama. Wataƙila zai yi. Amma aikin da aka binne a ƙasa, wa ya gani?

Wata ma'aikaciyar jinya, uwar ɗalibina, ita ta ƙara buɗe mini ido a kan sinadarin nitrat da ke tsiyaya daga shadda zuwa ruwan ƙasa. Ba shi da launi, ba shi da wari, ruwan zai fito garau. Jabel, maganin da ake ɗiga wa ruwa, ba ya kashe shi, tafasawa ma sai dai ta ƙara masa ƙarfi tunda ruwan ne ke ƙonewa ya bar shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin lita, kuma jarirai ya fi yi wa illa. Da ta faɗi haka sai na tuna yaran Tibiri ta Maradi, waɗanda ruwan foraj mai yawan sinadarin fuliwor ya lanƙwasa wa ƙasusuwa ya ɓata musu haƙora, shekaru ana sha kafin a gane. Can daga dutsen ƙasa abin ya fito, ba daga masai ba, amma su ma ruwan da suka sha garau yake. In na fitar da pampo waje da sunan mahaifina, ba iyalina kaɗai za su sha ba, har da jariran layi uku.

Sai maganar gobe. A layin da ke gabanmu akwai wani bawan Allah da ya yi irin wannan sadaka. Shekarar farko har addu'a ake tsayawa yi masa a ƙofar gida. Da injin ya ƙone aka nemi taimakon gyara, kowa ya sunkuyar da kai. Yanzu akwai kwaɗo a kan pampon, da yaro zaune a kan benci yana karɓar dala-dala, kuma waɗanda suka sha kyauta jiya su ne ke cewa Alhaji ya mai da lada kasuwa. Albashin malamin firamare ba ya sayen injin foraj, Malam, kuma Yaya yau yana da shi, gobe sai Allah.

Na gwada faɗa masa wannan a waya. Ban kai rabi ba ya katse ni, ya ce ruwa ba ya tsami banza, wato yana zargin mai ɗakina ce ba ta son mata su riƙa taruwa a ƙofar gida. Wallahi ba ta ce uffan ba. Tsohuwa kuma ta bi bayan babban ɗanta, ta ce boko ne ya sa nake auna sadaka da igiya. Tun ranar gaisuwarmu da shi ta gajarce.

Abin da zuciyata ta fi kwanciya da shi shi ne a jawo tiyon, in sa tanki ya tara na dare, sauran kuɗin kuma a biya wa gidajen da suka kasa kasonsu, akwai zawarawa biyu a layin da marayu a hannunsu. Na yi tunanin fitar da pampon sadaka daga kontar tawa, sai na tuna yadda faktir, wato takardar kuɗin ruwa, ke tafiya: mita kib goma na farko ne ke da rahusa, daga nan kuɗin hawa suke yi, in unguwa ta ɗiba a kaina wata ɗaya zai durƙusar da ni. Amma ba zan karkatar da ko dala daga abin da mai kuɗi ya ce ba sai da yardarsa, amana ce.

To Malam, ina roƙo ka tambayar mana malaman da kake gayyata: tiyon da aka binne ya kai ruwa gidajen mutane, ana biyan faktir a kansa, yana shiga sadaka mai gudana kamar rijiya, ko sai ruwan da aka sha kyauta? In amsar ta yi daidai da tunanina, daga bakin malami Yaya zai fi karɓarta, don yana sauraron filin nan ta waya. In kuma kana ganin in bi umarninsa, to a ina ake kai ruwa a auna shi a nan Yamai kafin a buɗe wa jama'a, sau nawa ake maimaitawa, kuma wace takarda dokar ruwa ta 2010 ke nema ga mai haƙa a gidansa? Masu haƙar ba wanda ya ambaci takarda a cikinsu. Sannan in an auna aka ce bai shawuwa, me zan ce wa mutumin da ya tara kuɗin nan da zufansa a ƙasar wasu?

Maƙwabta za su rufe karo-karo ƙarshen wata, masu haƙa na cewa a yi kafin ruwan sama ya sauka, Yaya kuma ya ce yana tafe da babbar salla kuma yana so ya yi alwala da ruwan. Don Allah a karanta wasiƙar nan kafin lokacin, a kuma sakaya sunana.

Naka mai saurare kullum,
wani malamin makaranta daga bayan Koira Tegi, Yamai.