Don Allah a riƙa yi mana fim mai ƙarshe

Assalamu alaikum Malam Edita, ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan finafinanmu na Hausa da ke fitowa a 'yan shekarun nan. Ni dai tela ne a nan Fagge, ban san komai a kan kamara ko rubuta labari ba, kallo kawai nake yi in na tashi daga kan keke da daddare, wani lokacin ma a shago ina aikin hannu wayar na jingine a jikin kwalin zare.

Abun da ya sa na ɗauko maganar shi ne na samu na kalli Mai Martaba, wanda Prince Daniel Aboki ya ba da umarni, Adam A. Zango na ciki, shi ne fim ɗin da Najeriya ta zaɓa a 2024 ya wakilce ta a gasar Oscar ta Amurka. Bai kai ga shiga zagayen ƙarshe ba kam, amma dai fim ɗin Hausa ne aka ɗauka a cikin duk finafinan ƙasar nan, wannan kaɗai ya isa a ce sambarka. Labarin sarauta ne da rikicin gadon kujera a wata masarauta da suka kira Jallaba. Kayan sawa sun burge ni sosai, kun san tela da ido a kan ɗinki, rawani da alkyabba da manyan riguna duk an sa su yadda ya kamata, ga dawaki ga fada ga dogarai. Ba zan ce ba shi da aibi ba, akwai wuraren da na so a ce an ɗan tsaya an bar mu mun san mutanen kafin rigima ta ɓarke. Amma wallahi abun da ya fi yi mun daɗi shi ne na zauna zama ɗaya, labari ya fara, labari ya ƙare, na tashi na kwanta ba a bar ni da "mu haɗu sati mai zuwa" ba.

Don gaskiya Malam Edita na gaji da masu dogon zango. Tun lokacin korona a 2020 da Izzar So da Labarina suka karɓu, kowa ya koma YouTube, kuma ban ga laifinsu ba tunda kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai da Bata ta riga ta mutu, masu tura fim a waya sun gama da ita, dole mutum ya bi inda zai samu na cefane. Na farko-farkon nan ma mun ji daɗinsu ƙwarai, har a majalisa ake musu a kansu kamar ƙwallo. To amma yanzu abun ya zama kamar cingam, labarin da zai ƙare a awa biyu sai a ja shi zango biyar, ka kunna kashi ɗaya na minti arba'in, minti goma na farko tuna baya ne da talla, sai mota ta shigo get a hankali, maigadi ya buɗe, ta faka, Alhaji ya fito, ya gyara babbar riga, ya taka har falo, a gaisa, a kawo lemo, kafin a faɗi maganar da ta kawo shi datar ɗari biyar ta tafi. Ga shi data ba arha ba yanzu, ga caji sai ka kai wa mai janareto.

Wani kuma ka bi shi wata takwas sai kawai ka ga an canza jarumar, fuska daban suna ɗaya, ba wanda ya ce maka ci kanka. Matata har yanzu tana bin wani da na daina tun bara, in na tambaye ta ina aka kwana sai ta ce ai har yanzu ba a gano wanda ya sace takardun gidan ba. Shekara guda fa!

Sannan kusan duk labarin ɗaya ne, ɗan mai kuɗi da 'yar talaka, uwar miji muguwa, kishiya da boka. Ina labarin 'yan kasuwar Kwari, ina na manoman Kura da Kadawa, ina na mu masu sana'ar hannu da ake kwana a shago daren sallah? Ko a fim in an nuna tela sai dai a nuna shi yana ƙaryar "gobe ki dawo", to mun ji muna yi, amma ai ba shi kenan rayuwarmu ba.

Mu da muka taso da silimar Plaza a nan unguwarmu da Marhaba ta Farm Centre mun san daɗin a kashe fitila a kalli fim tare da jama'a, a yi ihu tare in jarumi ya shigo. Silimun yanzu masu kyau ne, ga sanyi ga kujeru, sai dai in ka lissafa tikiti da kuɗin adaidaita zuwa da dawowa kai da iyali, sai ka ga kuɗin ɗinkin kaftani ya tashi, shi ya sa sai da sallah kawai muke leƙawa.

Ina kira ga Ali Nuhu tunda tun farkon 2024 shi ke riƙe da hukumar finafinai ta ƙasa, kuma ɗan gida ne ya san ciwon, da su furodusoshi, a taimaka a dawo da fim na zama ɗaya ko da guda goma ne masu kyau a shekara, in a YouTube ɗin ne ma a sa mana, za mu kalla har da tallar.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku mai karatu kullum,
wani tela daga Fagge, Kano.