Kafin mu ce an sace mana data, mu fara leƙa cikin rautar gidanmu

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaishe ka da kai da abokan aikinka. Dan Allah ka ɗan sam min fili a jaridar nan in yi magana kan wata 'yar na'ura da na ga tana neman haɗa 'yan uwa faɗa a gidaje, wato rauta, wannan akwatin mai ƙyafta fitilu da ake sa wa layi ko a jona mata kebul ta riƙa raba intanet ga kowa a gida.

Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, mutane da yawa suka gane cewa kowa ya riƙa sayen 'yar datarsa ta kwana ɗaya ko ta sati asara ce, gara a haɗa kuɗi a sayi babba ta wata a zuba a rauta ɗaya. Mu ma haka muka yi a gidanmu. Gidan gado ne, akwai sashen Hajiyarmu, akwai na yayana da iyalinsa can ƙurya, ni kuma ina ɗakin da ke kusa da zaure, ga ƙannena biyu 'yan makaranta. Muka yi karo-karo aka sayo rauta mai cin sim, yaron shagon ya sa mata layi ya kunna ya ce shikenan Alhaji, a je a more. To wallahi datar da muka yi lissafin za ta kai mu wata, kwana goma sha ɗaya ta yi ta ce ga garinku nan. Nan fa aka fara kallon-kallo, yaya ya ce yaran nan ne da kallon ƙwallo, yara suka ce ai Anti ce ba ta sauka daga TikTok, ni kuma na dage kamfani ne ke mana yankan baya, har na kira su na yi ta faɗa da wata baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Abin da ya fara sa ni zargi daban shi ne majalisar samarin layinmu. Shekara da shekaru a tsallaken titi suke zama gindin wata darbejiya, kawai sai na ga bayan isha'i benci ya dawo jikin katangarmu, daidai saitin tagar ɗakina inda rautar take, kowa ya sunkuyar da kai fuska na haske, ba hira ba musun ƙwallo, shiru kamar masu jarrabawa. Ashe ƙaramin ƙanena ne ya nuna wa abokinsa guda ɗaya, shi kuma wayar Android ta yanzu, tun daga Android 10, idan ka shiga wajen waifai akwai inda za ka taɓa ta fito maka da wannan zanen QR ɗin, wani ya ɗora kamararsa a kai ya shige ba tare da an ma furta fasuwod ba. Ɗaya ya ba ɗaya, ɗaya ya ba biyar.

Wani abokina mai gyaran kwamfuta ne ya zaunar da ni ya nuna min cewa rauta tana da ɗakinta na ciki da mai ita zai shiga, kuma yawancinmu ba mu taɓa shiga ba. Ka juya ta ka duba ƙasanta ko bayanta, akwai 'yar takarda manne, a nan aka rubuta sunan waifai ɗin da fasuwod ɗinsa da kuma wasu lambobi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei galibi 192.168.8.1 ne. Wayarka na jone da rautar sai ka buɗe Chrome ka rubuta lambobin nan a inda ake rubuta adireshi, ba ya cin data ko ƙwaya domin da akwatin da ke gabanka kake magana ba da duniya ba. Zai tambaye ka suna da kalmar sirri, kuma abin dariya da takaici, a da yawa daga cikinsu admin ne sama admin ne ƙasa. Da muka shiga muka duba jerin waɗanda ke jone, wayoyin gidanmu duka har da kwamfutata goma sha ɗaya ne, amma abin da na gani ashirin da uku. Na ƙirga sau biyu.

A nan ne nake so masu karatu su riƙe wani abu, fasuwod biyu ne a rauta ba ɗaya ba. Akwai na waifai wanda kake ba mutane su hau, akwai kuma na shiga ɗakin sitin wanda na mai gida ne shi kaɗai. Idan ka canza na farko ka bar na biyu a admin, kamar ka canza kwaɗon ƙofar gida ne ka rataye makullin sito a zaure, duk yaron da ya samu ya hau kuma yana da ɗan wayo zai shiga ya ga komai, ya canza abin da ya ga dama, har ya kore ka daga rautarka. Duka biyun za ka canza a ranar farko. Kuma dan Allah a daina sa lambar wayar mai gida ko sunan auta da shekarar haihuwarsa, duk unguwa an sani. Mafi ƙarancin abin da rauta ke karɓa a fasuwod ɗin waifai harafi takwas ne, amma ka yi mai tsawo, kalmomi uku huɗu na Hausa da ba su da alaƙa da juna ka haɗa da lamba, ya fi sauƙin tunawa kuma ya fi wuyar cinka. Wajen nau'in tsaro ka zaɓi WPA2, ko WPA3 idan akwai kuma wayoyin gidan sun yarda da shi, in ka ga WEP ka tsallake shi, tsohon yayi ne da aka daɗe da fasawa. Akwai kuma wani maɓalli da aka rubuta WPS, duk wanda ya danna shi na ɗan lokaci waya za ta iya shiga ba fasuwod, ni kashe shi na yi gaba ɗaya daga ciki tunda ɗakina kamar tasha yake.

Amma fa in faɗi gaskiya, bayan mun sallami 'yan majalisa datar ba ta daina gudu yadda na zata ba, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi ba ni kunya domin laifin namu ne na cikin gida. Waya idan tana kan datar sim tana taka-tsantsan, amma da ta ga waifai sai ta ɗauka an zo gidan biki. Play Store ya fara sabunta duk manhajojin da ke kai, WhatsApp ya sauke duk bidiyon da aka turo a gurup ashirin ɗin da Hajiya ke ciki, har wa'azin da aka turo sau huɗu, Google Photos ya kwashe hotunan shekara uku ya tura sama, YouTube ya ɗaga ƙarfin hoto da kansa, bidiyo mai kyau sosai kuma zai iya lashe giga biyu a awa ɗaya, kwamfuta mai Windows ita ma ta ja nata sabuntawar cikin dare kana barci. Duk wannan ba wanda ya taɓa komai. Maganinsa kowace waya a shiga sitin ɗin waifai ɗin gidan a gaya mata cewa wannan layin na awo ne, a Android da Windows kalmar da za ka gani ita ce metered, a iPhone kuma Low Data Mode, sannan a shiga WhatsApp a hana shi sauke bidiyo da kansa. Yini guda na yi ina bin wayoyin gida ɗaya bayan ɗaya, Hajiya na ta cewa kar dai ka goge min karatuna.

Sai maganar inda ake ajiye ta. Mu mutanenmu da an sayi abu mai tsada sai a ɓoye shi, wani cikin durowa, wani bayan talabijin, wani ƙarƙashin gado saboda yara. Siginar waifai ba ta son ƙarfe ba ta son ruwa ba ta son katanga mai kauri, to ka duba gidajenmu, ƙofar ƙarfe, rufin kwano, firji, tankin ruwa a tsakar gida, ga ginin ƙasa na da mai kaurin kamu biyu. A ɗaga ta sama a kan kanta ko a kafe ta a bango, wajen da ya fi zama tsakiyar gida. Sai dai mai cin sim tana da nata sharaɗin, ita ma tana buƙatar ta jiyo ƙarfen sabis na waje, dan haka sai ka yi ta yawo da ita taga-taga kana kallon fitilun sigina har ka samu inda suka fi cika. Kar kuma a bar ta inda rana ke dukanta, zafin watan Maris da Afrilu na nan Arewa kaɗai ya isa ya sa ta riƙa ɗaukewa tana dawowa kana zagin kamfani.

Wani abin da ke rikita mutane, za ka ga rauta ta fito da suna biyu, ɗaya an ƙara masa 5G a ƙarshe, sai mutum ya yi ta murna wai ya samu 5G. Ba shi ba ne. Wancan 5G ɗin da MTN ta fara a 2022 Airtel ta biyo baya a 2023 tsakanin rauta da ƙarfen sabis yake, kuma sai rautar da aka yi dominsa a unguwar da ya iso. Wannan na jikin sunan 5GHz ake nufi, tsakanin rauta da wayarka ne kawai, ya fi sauri amma ba ya nisa, katanga biyu ta gama da shi. Ɗayan mai 2.4 ya fi ratsa gini ya fi nisa sai dai bai kai shi gudu ba. Na kusa ya hau na 5, na ƙurya ya hau na 2.4, magana ta ƙare. Haka ma lissafin gudu, in an ce maka 20Mbps ba mega ashirin za ka sauke a daƙiƙa ba, raba shi takwas za ka yi, biyu da rabi kenan, kuma shi ɗin ne duk gidan za a rarraba.

Sashen yaya ne ya ba mu wahala domin ko na 2.4 ɗin da ƙyar yake leƙawa, sai matarsa ta fito bakin murhu take samun sanda ɗaya. An ba mu shawarar sayen ɗan ƙaramin abin nan da ake soka wa a soket yana maimaita sigina, amma shi sau da yawa rabin gudun yake ba ka, kuma in ka sa shi inda siginar ta riga ta mutu to gawa yake maimaitawa. Abin da ya yi mana aiki kebul ne, irin na Cat6 ɗin nan, yana iya tafiyar mita 100 ba matsala, muka ja shi ta saman katanga cikin fayif daga ramin LAN na babbar rauta zuwa wata tsohuwar rauta TP-Link da abokina ya ba ni. Sai dai a kula, rauta ta biyu dole a sa ta a Access Point, wato ta zama mai miƙa intanet ɗin ta farko kawai, idan tana da wannan zaɓin, in babu a kashe mata DHCP, wato abin da ke raba wa wayoyi adireshi, a canza mata lambar nan ta 192.168 kar ta yi karo da ta farko sannan a soka kebul ɗin a LAN ba WAN ba, in ba haka ba su biyun za su yi ta rabon adireshi kamar limamai biyu a masallaci ɗaya, waya ta nuna ta hau amma ba abin da ke buɗewa. Mun sha wannan, dare guda muka ɓata kafin muka gano. In kuma ka cakuɗa komai ka rasa hanya, akwai ɗan rami da aka rubuta Reset, ka sa tsinken sakace ka danne kamar daƙiƙa goma ta koma yadda ta fito daga kwali, ka sake daga farko. Masu Starlink da masu fayiba su ma duk wannan karatun ya shafe su, bambancin kawai ta inda intanet ɗin ke shigowa.

Wuta kuwa ba sai na faɗa ba. Rauta ba ta da ci, yawanci 12V ce kuma ba ta fi ƙwan fitila ɗaya jan wuta ba, akwai ɗan batirin da ake sayarwa dominta mai riƙe ta awanni in an ɗauke, a dai duba lambar da ke jikin cajarta kafin a saya kar a ƙona ta. Da damina in hadari ya taso da tsawa a zare kebul ɗin da ya bi ta waje.

Su kuma 'yan majalisa ban iya rufe ido na yi musu rowa gaba ɗaya ba, yaran maƙwabta ne, wasunsu ma cike fom ɗin makaranta suke yi da neman aiki, kuma Hajiya da kanta ta ce haƙƙin maƙwabtaka fa. Sai muka buɗe musu Guest, wato waifai na baƙi, a rauta ta biyu, suna daban fasuwod daban, aka rage masa gudu yadda zai isa WhatsApp da buɗe shafi amma ba zai ja fim ba, nakan canza shi duk ranar Juma'a, mai so ya yi sallama ya tambaya. Biyu daga cikinsu yanzu har ɗan abin da ya samu suke kawowa in wata ya ƙare, ban roƙa ba.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku ɗan ware ko rabin shafi ne lokaci-lokaci kuna bayanin irin waɗannan abubuwan da Hausa, da hoton inda ake dannawa, domin takardar da ke cikin kwalin da Turanci take da ƙananan rubutu, ba mai karantawa. Su ma masu sayarwa a shaguna dan Allah ku daina cewa a je a more kawai, minti biyar ya isa ku sa mai saye ya canza admin ɗin nan a gabanku kafin ya fita. Datarmu ta wancan watan dai ta kai kwana ashirin da takwas, benci kuma ya koma gindin darbejiya, sai mutum biyu uku da ke zuwa jikin katanga in suna da abin turawa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Mai karanta ku kullum,
daga Tudun Wada, Zariya.