Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai tambaya kan maganaɗisun yuraniyam

Assalamu alaikum ɗan'uwa.

Ka tambaye ni a bainar jama'a: tunda yuraniyam dayoksaid, makamashin da ake sa wa injin nukiliya, ba ya manne wa maganaɗisu, kuma sai cikin tsananin sanyi yake nuna halinsa na maganaɗisu, me ya sa masana ke wahalar da kansu wajen nazarin wannan hali, alhali a injin nukiliya zafi yake sha? Tambayar ta yi ma'ana.

A kiristal ɗin, kowace zarrar yuraniyam tana tsakiyar zarrar oksijin takwas, kuma tana riƙe da ilektaron biyu a matakin 5f, ɗaya daga cikin matakan da ilektaron ke zama a cikin zarra. Su ne ke mayar da ita ƙaramin maganaɗisu. A yanayin ɗumi kowacce na fuskantar inda ta ga dama. Da sanyi ya kai kelbin 30.8, wato kusan digiri 242 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyas, sai su jeru farat ɗaya, amma ta yadda ƙarfinsu ke soke juna. Shi ya sa ba ka ganin komai daga waje. Gwajin da aka yi a 1965 ta hanyar harba wa kiristal ɗin ƙwayoyin nutron, a ɗakin bincike na Brookhaven, Amurka, ya nuna wannan jeruwa.

Abin da ya fi burge ni ya fito ne a 1975, lokacin da Faber da Lander da Cooper suka gano cewa oksijin ɗin ma gusawa yake, da kusan angistiram 0.014 (angistiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita), yuraniyam kuwa na nan daram. Dalili shi ne gajimaren ilektaron na 5f ba kewayayye ba ne. Idan ya juya sai ya ture maƙwabta, kamar ƙato ya gyara zama a kan cikakken benci. A 2017 masana a ɗakin bincike na Los Alamos, Amurka, suka nuna cewa maganaɗisun waje na sa kiristal ɗin ya miƙe ko ya tsuke, kuma a wajen tesla 18 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) jeruwar kan juye gaba ɗaya.

To, ina zafi ya shigo? Wannan sinadari ba ya ɗaukar lantarki sosai, don haka girgizar zarra ce ke kai zafi daga tsakiyar makamashin zuwa waje, ƙananan maganaɗisun nan kuwa suna tare mata hanya. Toriyam dayoksaid, wani sinadari dabam, gininsu ɗaya da yuraniyam dayoksaid, amma ba shi da ilektaron na 5f, kuma cikin sanyi ya fi shi watsa zafi nesa ba kusa ba. Tasirin yana raguwa idan zafi ya hau, gaskiya ne. Sai dai mai lissafin zafin makamashi dole ya ware kason maganaɗisu daga na girgiza, kuma cikin sanyi ne ake iya ware su.

Wassalam.