Ruwan sama ya rikita mana lissafi a gaɓar kogin Haɗeja

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka ya daɗe, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ka ɗan bani fili a jaridar nan in yi magana a kan abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya mu manoman gaɓar kogin Haɗeja, don wallahi abin ya wuce a yi shiru.

Ni noma na gada, muna da gonar tudu ta gero da dawa da wake, a fadama kuma shinkafa. Babanmu Allah ya jiƙansa wata yake ƙirgawa ya san lokacin shuka, yakan ce watan bakwai maƙarar rani ko ba ruwa da alama, kuma mafi yawan shekaru haka ɗin ake gani. Ba wai a zamaninsu ba a yi fari ba ne, an yi mana, na 1973 da na 1984 har yau dattawa in sun tuna sai sun girgiza kai, shanu sun mutu, mutane sun watse neman abinci. Amma shi wancan farin ka san sunansa fari, ruwa ne bai zo ba shikenan. Na yanzu fa wani iri ne daban, ruwan yana zuwa amma ba a lokacin da ka sanshi ba, kuma ba yadda ka sanshi ba.

Kaga dai yadda yake mana. Farkon Yuni sai a sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari ya fita shuka yara da manya, gero ya tsiro gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke cak sati biyu wani lokacin har uku, rana ta buɗe ta ƙone tsiron ƙurmus, ka dawo kana neman irin da za ka sake shukawa alhali wanda ka ajiye ka riga ka binne shi, sai dai kasuwa, ita kuma kasuwa ta san halin da kake ciki. Ni akwai shekarar da sau uku na shuka gona ɗaya. To ana cikin haka sai Agusta ta kama zuwa Satumba, ruwan da a da marka ke saukar da shi a hankali cikin wata guda sai ya zubo a dare biyu, ƙasa bata samu ta sha ba ya kwaranye ya tafi da takin da ka ci bashi ka zuba, kogi ya tumbatsa ya haɗiye shinkafa tana gab da fidda kai. Mutum ɗaya, shekara ɗaya, fari ya cinye masa tudu ambaliya ta cinye masa fadama. A 2022 kowa ya ga abin da ya faru a Ringim da Miga da Auyo da Kafin Hausa har zuwa Guri da Kirikasamma, mutane a makarantun firamare suke kwana, kwale-kwale ya zama motar haya, a faɗin Najeriya kuwa sama da mutum 600 aka rasa a ambaliyar wannan shekara.

Masana suna da bayanin abin kuma ni dai ya shige ni sosai don ya yi daidai da abin da idona ke gani. Duniya ce ke ƙara zafi saboda hayaƙin man fetur da gas da gawayin ƙasa da ake ƙonawa, ga sare daji, ita kuma iska duk digiri 1 da ta ƙara na zafi tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100. Kenan hadari yana ɗaukar kaya fiye da da, in ya tashi saukewa sai ya sauke gaba ɗaya, tsakanin wannan ruwa da na gaba kuma zafin ya tsotse damshin ƙasa da wuri. Akwai binciken da aka fitar a 2017 da hotunan tauraron ɗan adam wanda ya nuna manya-manyan hadarin nan masu ɓarna a yankin Sahel sun ninka sau uku daga 1982. Shi yasa in wani ya ce maka ai ruwan shekara ya fi na zamanin 1984 yawa, gaskiya ya faɗa, amma gero baya cin jimilla, abin da yake so ruwa yau, ruwa bayan kwana huɗu ko biyar.

Amma fa kada mu ɗora komai a kan sama, kogin ma mun canza masa hali. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Chalawa a 1992, kuma ba mai musun amfaninsu, Kadawa da Kura da Bunkure da su suke noman rani, Kano da su take shan ruwa, mu ma nan Auyo muna amfana. Sai dai a da kogin nan cika yake da damina ya malala fadama ya bar mata laka mai taki da kifi, da rani kuma ya janye ya bushe. Yanzu ruwa na bin sa kusan duk shekara kaɗan-kaɗan, wannan kuwa shi ne abin da kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ke so, ta kafa ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a gindinta, ga tsuntsayen jan-baki sun samu gidan kwana a cikinta suna fitowa su sauka a kan shinkafa da gero. To ka haɗa ruwan da ke zuwa a fusace da kogin da aka shaƙe masa wuya, ina zai bi in ba gonaki da gidaje ba? Wasu wuraren wajen Nguru ruwa ya zauna musu a gona ya ƙi tafiya, su kuma ƴan uwanmu na ƙasa, Gashuwa da Geidam da Damasak har mutanen Diffa a Nijar masu noman tattasai, idonsu na kan abin da ya rage ya gangara ta kogin Komadugu zuwa tafkin Chadi.

Muna fita roƙon ruwa kuma za mu ci gaba da fita, ruwa na Allah ne. Amma akwai abin da yake hannun mutum. Hukumar NiMet mai kula da yanayi duk farkon shekara tana fitar da hasashen damina, yaushe ruwa zai fara, yaushe zai ɗauke, ina ake tsoron tsaiko a tsakiya, haka hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna tana fitar da na ambaliya, amma nawa ne cikin manoman ƙauye suke jin sa? Magana ce da ta kamata ta zo da Hausa da Fulatanci da Barbarci, a rediyo, a masallacin Juma'a, ta bakin mai unguwa, a ce wa mutum kada ka yi gaggawar shuka da ruwan farkon nan akwai rata a bayansa. Wallahi da wannan kaɗai an tsirar da buhunan iri masu yawa. Sannan irin gero da wake da shinkafa mai saurin nuna yana nan an samar, a kawo shi kusa da mu kafin damina ba sai shuka ta kai gwiwa ba, a dawo mana da malaman gona irin na da masu shiga gona da ƙafarsu.

Ita kuma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da gwamnatocin Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe, roƙona su zauna wuri ɗaya tunda kogin ɗaya ne, a riƙa sanar da mu kwanaki kafin a saki ruwan dam, a kuma yi yashe da cire kachala da rani lokacin da ruwa ya ja baya, don in an bari sai Agusta buhunan yashi kawai za a yi ta jibgawa a jinga cikin dare da fitilar waya. Mu a ƙauyenmu duk rani muna yin gayya da lauje da kwale-kwale mu buɗe ɗan abin da za mu iya, amma kachala in ka yanke ta daga sama wata biyu ta dawo, sai an tumɓuke ta daga saiwa, wannan kuwa aikin inji ne.

Nagode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naka,
wani manomi daga ƙaramar hukumar Auyo, jihar Jigawa