Wasiƙa daga bakin Jan Kogi

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya damina a Hadeja? Ka gaida min Baba da Inna. Ni ƙalau nake a Shreveport, sai gumin Luwiziyana da ba ya barin riga ta bushe.

Ranar Asabar maƙwabcina ya ɗauke ni a kwalekwalensa zuwa Tafkin Caddo, kan iyaka da Texas. A wata kwana muka tarar da ƙaton gungume ya faɗo daga gaɓa, saiwoyinsa a sama. Ya tare rassa, rassan sun tare ganye, laka ta taru a bayansu har ciyawa ta tsiro. Ta gefe kuwa ruwa ya ƙwaƙule gurbi mai zurfi, nan kifi ke laɓewa. Na ce da a gida ne, da tuni an faskare shi ya tafi murhu. Ya yi dariya, ya ce ai irin wannan tarkacen ne ya haifi tafkin da muke kai.

Ban yarda ba sai da na bincika. Kogin nan da suke kira Red River, saboda jar lakarsa, duk ambaliya sai ya ci gaɓa ya kayar da itatuwa. Su bi ruwa, ɗaya ya maƙale a tudun yashi, na baya su hau kansa. Ɗaruruwan shekaru ana haka, har wajen 1830 tarin ya kai tsawon mil 160. Kansa na ƙaruwa ta sama kusan mil guda a shekara, wutsiyarsa na ruɓewa ta ƙasa. A wasu wuraren bishiyoyi sun tsiro a kai, mutum ya tsallake da ƙafa bai san kogi yake takawa ba. Ruwa da ya rasa hanya sai ya fantsama gefe ya cika kwaruruka, ya zama tafkuna.

Gwamnati ta turo Henry Shreve a 1833 da jiragen tumɓuke gungume, ya buɗe hanya a 1838. Sunansa garin nan ya ci. Ba a daɗe ba itatuwa suka sake toshewa, sai a 1873 Laftanar Eugene Woodruff ya fasa tarin da nakiya. Shi kansa zazzaɓin shawara ya kashe shi a shekarar, yana jinyar mutanen gari.

To, ka ji inda abin ya juya. Da aka buɗe kogin, ruwan tafkunan ya zurare. Garin Jefferson na Texas, da jiragen ruwa ke kai wa kaya albarkacin wannan toshewa, kasuwarsa ta faɗi. Caddo ma dam ɗin da aka gina a 1914 ne ya riƙe shi. Yanzu kuma a jihar Washington kuɗi ake kashewa ana mayar da gungumai cikin koguna don kifi ya samu mafaka. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Duk hirar nan ciyawar kacalla nake tunawa, yadda ta toshe mana hanyoyin ruwa wajen Nguru, gonar wani ta nutse, ta wani ta bushe. An yi yashe bana? Ka faɗa min ko fadamar Baba ta samu ruwa.

Naka,
abokinka na Amurka