Mutumina, kafin ka tura wa malam babi na biyu

Samaru, Zariya

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya sanyin can? Mu nan hunturu ya shigo da ƙarfi, da safe in ka fito hanyar Kwangila ko dutsen Kufena ba ka hangowa saboda hazo, leɓe duk ya tsage. Su Hajiya suna lafiya suna gaishe ka, kullum sai ta tambaya wai yaushe za ka gama bokon nan ka dawo.

Na ga saƙonka na cewa in turo maka manazartata ta babi na biyu na kundin digirina ka ɗan tsinci abin da ya dace da naka tunda fagenmu ɗaya. Zan turo wallahi, ba rowa zan yi maka ba, amma bari in fara ba ka labarin abin da ya same ni wata biyu da suka wuce, in ka ji sai ka san yadda za ka yi da ita.

Ka san aikina ya taɓo Sarauniya Amina. To a bitar ayyukan da suka gabata na rubuta cewa ta hau mulki a 1576, na manna Palmer 1908 a gaba, hankalina kwance. A ina na samo? A wani tsohon kundin digiri da na yi fotokofinsa, shi ma haka ya rubuta, ni kuma na kwafe har da waƙafi. Mai duba aikina ya zagaye wurin da jan biro, da na je ofis bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi "Malam, shafi na nawa?" Na ce zan duba. Ya ce "A'a, ka taɓa riƙe Palmer ɗin a hannunka?" Kai mutumina, gumi ya karyo min a cikin sanyin nan. Na ce ban taɓa ba. Ya ce to je ka karanto ka dawo.

Sati guda na yi ina nema, tsakanin laburaren Kashim Ibrahim da intanet, har na samu. Fassarar Tarihin Kano ce da H. R. Palmer ya yi daga Larabci, ta fito a mujallar masana halayyar al'umma ta Ingila a 1908, daga baya ya sake sa ta a littafinsa na 1928. Ka san me na tarar? Amina tana ciki, amma a zamanin Sarkin Kano Dauda aka ambace ta, wanda aka sa mulkinsa daga 1421 zuwa 1438, can ne aka ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe. Wato ƙarni na 15. Shekarar 1576 da na jingina masa daga wani lissafin daban ta fito, na masu sa ta a ƙarni na 16 bayan Bakwa Turunku. Tazarar ta fi shekara 130, kuma masana sun daɗe suna ja-in-ja a kanta, ni kuwa na ɗauki mutumin da ke wancan ɓangaren na tsayar da shi shaida a wannan ɓangaren. Da a ranar difens, wato ranar kare kundin a gaban malamai, wani ya ɗago wannan da na ga ta kaina. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne saɓanin nan shi ne naman babin, da na karanta tun farko da na samu shafi uku masu kyau a kai maimakon layi ɗaya na ƙarya.

Tun ranar nake kallon abin nan kamar isnadi. Ka tuna a makarantar dare da malam ke karanta mana wane ya ji daga wane, wane ya ji daga wane, mu muna gyangyaɗi muna so a kai ga matani? Ashe aikin ke nan. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Kuma malaman hadisi suna da suna na musamman ga wanda ya ɓoye wanda ya ji magana a bakinsa ya haura ya ambaci na sama kamar shi ya ji da kunnensa, tadlisi suke ce masa. Abin da na yi ke nan ba ragi, na ɓoye mai kundin na haura kan Palmer. Mu da muka tashi da wannan ilimin a gida bai kamata a ce Bature ne zai koya mana ba.

Kuma kar ka ɗauka mu ɗalibai ne kawai. A 1980 wasu mutum biyu, Porter da Jick, suka aika wata 'yar wasiƙa mai jimla 5 zuwa wata babbar mujallar likitanci a Amurka, suka ce cikin marasa lafiya 11,882 da aka ba magungunan kashe zafi masu sa maye, 4 kacal aka ga sun kamu da jarabar maganin. Amma fa mutanen da ke kwance a asibiti suke nufi, ana ba su ana lura da su. Sai aka yi ta ambaton wasiƙar nan a matsayin hujjar cewa magungunan ba su da haɗari ko an ba mutum ya tafi gida ya yi ta sha wata da watanni. A 2017 wasu suka ƙirga suka ga an ambace ta sau fiye da 600, mafi yawa ba tare da an faɗi cewa maganar 'yan kwance a asibiti ce ba. Likitoci fa, da furofesoshi. Jimla 5 ta gagare su karantawa. Mu da muke ganin abin da tiramol da kodin suka yi wa yaran unguwa ai ba sai an yi mana dogon bayani ba.

To ga yadda nake yi yanzu. In na samu takarda mai kyau, kafin ma in gama ta sai in juya baya in leƙa manazartarta, sunan da na ga yana ta maimaituwa a takardu uku huɗu shi nake bi, don yawanci shi ne tushen maganar. Sannan in sa sunan takardar a Google Scholar in danna wurin da ke nuna waɗanda suka ambace ta daga baya, nan ne za ka ga ko wani ya zo ya rusa ta. Yawan ambato kuma ba shi ne inganci ba, wata takardar ana ambatonta ne don a ƙaryata ta, sai ka buɗe ka ga da wace fuska aka kira sunanta.

In littafi ya gagara samu, kuma zai faru, wasu sai ka je Gidan Arewa a Kaduna ko ma ba sa ƙasar gaba ɗaya, to ba abin kunya ba ne ka ce wane ya faɗa kamar yadda wane ya ruwaito. Tsarin APA, wato ɗaya daga cikin tsare-tsaren rubuta manazarta, ya yarda da haka, sai dai a manazarta wanda ka karanta ɗin kawai za ka sa. Ka tambayi sashenku wane tsari suke bi tun yanzu, APA ɗin ma bugu na 7 ake yayi tun 2019 kuma ya bambanta da na 6, misali an daina sa garin da aka buga littafi. Mu 'yan tarihi kuma da bayanin ƙasan shafi muka saba. Ka sauke Zotero, kyauta ne, kana ajiye takarda yana kwashe sunan marubuci da shekara, amma ka riƙa dubawa don yakan hargitsa sunayenmu, sai ka ga ya mai da sunan uba sunan yanka. Lambar shafi kuwa ka rubuta ta a lokacin da kake karantawa, kar ka ce sai anjima, na ɓata kwana biyu cur ina neman jimla ɗaya a littafi mai shafi kusan 400.

Sai maganar ChatGPT, na san kana taɓawa, kar ka musa. Yana iya ƙirƙiro maka marubuci da mujalla da shekara tsaf alhali babu su a duniya. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kawo shari'o'in da shi ya ƙago musu. Duk abin da ya ba ka, ɗauki lambar DOI ɗin, wato lambar shaidar takardar a intanet, ka liƙa a shafin doi.org, in ba ta buɗe ba ko ta buɗe wata takarda daban to ka watsar.

Manazartar zan turo ta WhatsApp gobe in Allah ya kai mu in na samu caji, wuta ta ɗauke tun azahar. Na sa tauraro a gaban waɗanda na karanta da idona, guda 9 ba su da tauraro, waɗannan har yanzu ina bin sawunsu, kar ka taɓa su tukuna. Palmer ɗin ma zan haɗa maka da shi, ka karanta wurin Dauda ka faɗa min yadda ka fahimce shi, don ni har yanzu ban yanke wane ƙarni zan bi ba kuma malam yana jirana ranar Litinin.

Ka gaida madam da yara, ka ce wa ƙaramin baffansa na Samaru yana nan da alkawarin rake.

Naka,
abokinka na Samaru