A daina kiran kazar Hausa kazar ƙauye

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini. Na san wasiƙun da ke zuwa maka a 'yan kwanakin nan na tsadar rayuwa ne da rashin wuta da siyasa. Tawa ta kaza ce, soyayyiya. Wanda ya ga abin dariya ne ya dara, ni ma na dara kafin na ɗauki biro.

Abin da ya tayar da maganar, ranar Juma'ar da ta wuce 'yata ta zo mana yini da yaranta. Bayan an sauko daga masallaci na yanka zakara, uwargida ta soya. Jikana, ɗan shekara takwas, ya ɗauki cinya ya gatsa, ya ja, ya sake ja, sai ya mayar cikin faranti ya ce, "Malam, wannan kazar ƙauye ce, tauri gare ta. Ba irin ta Zoo Road ba." Kakarsa ta ce, "To maigidan, tun da ka raina girkina sai ka je ka auro ta Zoo Road ɗin." Aka yi ta dariya. Amma bayan sun tafi maganar ta tsaya mini a rai, don ba daga bakinsa na fara jin ta ba. Na ji ta wajen samari masu gemu, na ji ta wajen amare.

A cikin birnin Kano na tashi, cikin badala, a shekarun 1970. A lokacin kaza ba abincin kullum ba ce. Sai da Salla, ko an yi baƙo na nesa, ko mai jego, ko wanda ya tashi daga ciwo ana so bakinsa ya dawo. Sai kuma ta amarci, wadda ango ke shiga da ita, wannan kam har yau tana nan daram.

Ranar jajibere Baba ke yanka, a bakin rariya, ya fuskanci gabas, ni na riƙe ƙafa da fiffike. Figa aikin yara ne. A tsoma ta a ruwan zafi, mu fige, yatsunmu na ƙuna, sannan a babbake sauran gashin a wutar kara. Inna ba ta jefa ɗanyar kaza a mai. Sai ta yayyanka ta gaɓa-gaɓa, ta ɗora a tukunya da albasa da citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa da gishiri, ruwa kaɗan, ta bar ta a wuta marar ƙarfi har ruwan ya kusa tsotsewa. Ɗan romon da ya rage na miyar Salla ne, ba mai taɓa shi. Sannan ta ɗora kasko. Man gyaɗa ne, na matan unguwa masu ƙuli-ƙuli, wanda ake aunawa a kwalba. Sai ta fara jefa albasa ta kashe masa gafi, in ta yi ja ta tsame, kana naman ya shiga. Wannan "cuuu" ɗin da ƙamshin da ke bin sa, har zaure na uku ana sanin gidan Malam an ɗora. Ba ta barin wajen, ba ta kuma yawan juyawa. In ya yi jawur ta kwashe da matsami ta zuba a kwando, ta barbaɗa yajin da ta daka da hannunta tun yana tururi. Ba firji a gidanmu, amma kazar nan takan kai kwana uku a samira ba ta canza ba, in dai ɓeraye masu ƙafa biyu sun bar ta.

Rabo kuwa a sane yake, ba gardama. Ƙundu da cinya na Baba, tsokar ƙirji ta baƙi, mu yara wuya da ƙafa da fiffike, wanda ya yi sa'a ya sami hanta. Wata Salla, ina ɗan shekara goma ko kusa da haka, shaiɗan ya zuga ni na zare ƙundun daga kwando na haɗiye shi da zafinsa. Da aka kai wa Baba kwano ya jujjuya, ya ɗaga kai ya ce, "Ikon Allah, wannan kazar ba ƙundu aka halicce ta?" Ba wanda ya amsa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan bakina mai maiƙo, ya ci gaba da cin abincinsa. Da ya yi duka da ya fi mini sauƙi.

Kada a ce tsoho ne kawai ke yabon jiya. Ni ma ina cin ta gidajen abinci, kuma ina jin daɗinta. Tun zamanin da Mr Bigg's ke tashe na fara shiga irin waɗannan wurare, in an yi albashi, in sayo wa yara su ma su ɗana. Yanzu ga Chicken Republic, ga na cikin Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014, ga ƙanana birjik daga Zoo Road zuwa Nasarawa, har da 'yan mata masu soyawa a gida suna tallatawa ta waya a kawo maka har ƙofa. Salon shafa wa kaza fulawa a nutsar da ita cikin mai daga Amurka ya yaɗu, KFC ma sai 2009 ta buɗe a Legas. In aka tsamo ta da zafi, ɓawon yana ƙarasƙaras, cikin yana ruwa-ruwa, ba mai hankalin da zai ce ba daɗi. Balle ni da turame biyu suka yi mini sallama, wani lokacin ita ce rufin asirina.

Sai dai abu biyu ne daban, shi nake so yaranmu su gane. Ta gidan gona sati shida zuwa takwas take yi a duniya. A ɗaki take, abinci na gabanta dare da rana, masara da waken soya, ba ta san rana ba, ba ta taɓa gudun shaho ba. Dole namanta ya yi laushi, dole kuma ya yi lami, shi ya sa ɗanɗanon duk yana jikin fulawar da kayan ƙamshin da aka kwaɓa. Ɓare ɓawon ka ci tsokar zalla, za ka gane abin da nake faɗa. Bar ta kuma ta yi awa guda a leda, ɓawon ya saki ya zama kamar jiƙaƙƙen burodi. Kazar Hausa kuwa sai ta yi wata biyar ko shida tana yawo kafin ta isa yanka. Ta ci dusa, ta ci tsaba, ta ci gara da fara, ta tsallake katanga, ta tsira daga cutar da ke kwashe kaji lokacin hunturu. An ce kaza mai tone-tone ita ke tono wuƙar yanka ta, to wannan tone-tonen ne ya sa mata zaƙi. Taurin da jikana ya ƙi, shi ne ke sa ka daɗe kana tauna ɗanɗanon na fitowa, ka gama da tsoka ka koma guringuntsi, ka fasa ƙashi ka tsotse ɓargo. Waccan kafin ka ce ka fara ta ƙare.

Abin mamaki, wadda ake kira ta ƙauyen ita ce yanzu ta fi ƙarfin talaka. Je wajen 'yan kaji a Sabon Gari ko Tarauni ana jibi Salla, ka taya zakara ɗan madaidaici, ka ji abin da za a faɗa maka. Masu kuɗi sun san abin da suke nema, mu ne ake koya wa 'ya'yanmu raina ta.

Wannan ya kawo ni kan kukan da nake so jaridarka ta ɗauka. Tsakanin kicin ɗin gida da manyan gidajen abinci akwai masu kaza na bakin titi, masu akwatin gilashi da fitila, waɗanda ke naɗe maka a takarda da yaji da albasa da kabeji. Yawancin angwayen Kano a nan suke tsayawa. Da yawansu mutanen kirki ne, akwai wanda na fi shekara ashirin ina ciniki da shi ban taɓa kuka ba. Amma wani dare a watan jiya na tsaya wajen wani da ban saba ba, ba zan faɗi unguwar ba. Yana tsamowa na leƙa kaskon. Wallahi man nan baƙi ƙirin, ya yi kauri, yana kumfa, kamar wanda bakanike ya juye daga inji. Kunya ta hana ni fasawa tun da an riga an naɗe. Na kai gida, loma biyu maƙogwarona ya ɗau ɗaci, na kwana ƙirjina na zafi. Kuma wai a matsayin ta Hausa ya sayar mini, alhali tsohuwar kazar ƙwai ce da ta gama aiki a gona. Ba haram ba ce, tana ma da daɗi a farfesu, amma a kira ta da sunanta a sayar da ita a kuɗinta.

Na san abin da za su ce. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, masara a Dawanau, man suya, gawayi, iskar gas, kuɗin mota. Mai kiwo na kuka, mai suya na kuka. Gaskiya ne. Amma man da aka maimaita har ya ƙone ba tattali ba ne, cuta ce, kuma cikin 'ya'yan mutane yake shiga. Ina duba-gari? Da can har randa suke buɗewa a gidajenmu. Ina roƙon su, da hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta jiha, su riƙa zagayawa da daddare, lokacin da kaskon ke kan wuta, ba da hantsi ba. Kai ma, ya Edita, ka tura wakilinka ya leƙa kasko goma ya rubuta abin da ya gani.

Akwai abin da ban iya faɗa wa jikana ba, don ya yi ƙanƙanta. A farkon 2006 Allah Ya yi wa Inna rasuwa, Baba kuwa ya riga ta da daɗewa. Waɗanda suka isa za su tuna shekarar murar tsuntsaye ce, ta ɓulla a wata gona a jihar Kaduna ta shigo Kano, ana ta binne kaji, mutane ko ƙwai sun daina saye. Bayan an share makoki na koma gidana, abinci ya ƙi shiga. Uwargida ta yi tuwo, ta yi dambu, ta dama kunu, sai in kai cokali biyu in ture. Na fi sati biyu a haka, wando har ya fara zamewa.

Wata ranar Laraba bayan la'asar sai ga ɗan Yayata a kan keke, da samira ɗaure cikin ɗankwali. Samirar Inna ce, na gane ta da ɓallin da ke gefen murfin. A cikin kajin da Inna ta bari a akurki, waɗanda Allah Ya tsare, Yaya ta sa aka yanka ɗaya, ta tafasa ta soya yadda muka taso muka gani, har da albasar nan da aka tsame aka ɗora a gefe. Ina buɗewa ƙamshin ya buge ni, na zauna a dandaryar ƙasa a zaure, hawayen da ban yi ba a maƙabarta suka zo. Na ci, ina ci ina sharɓe. Yaron yana tsaye yana jiran kwano, sai ya ce, "Kawu, Umma ta ce a gaya maka ka duba sama-sama, ta sa maka ƙundun."

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Gwammaja, Kano.